Yadda Ake Zana Girbin Alkama na Ƙauyen Faransa da Allin Fastel

Tambayar da masu koyon zane suka fi yawan maimaitawa ita ce: waɗannan hotunan manoman Faransa masu girbin alkama, da in ka kalle su sai ka ce ƙurar gonar ce ta kwanta a kan takardar, da me aka yi su, kuma ta ina ake farawa? Da yawansu da fastel aka yi su, wato garin launi da aka kwaɓa da ɗan danƙo irin na ƙaro, aka mulmula shi kamar allin makaranta. Mutum biyu ne suka fi yin suna a wannan fanni. Na farko Jean-François Millet, wanda ya zauna a ƙauyen Barbizon daga 1849 har rasuwarsa a 1875. Na biyu Léon Lhermitte, ɗan ƙauyen Mont-Saint-Père a bakin kogin Marne, da aka haifa a 1844 ya rasu a 1925. Hanyarsu za mu bi: baƙin zane a ƙasa, launi a kansa, daga duhu zuwa haske.

Hoton da za a gina a nan tsayinsa santimita 30 ne, faɗinsa 40. Gonar alkama ce da la'asar, namiji yana yanka, mace tana ɗaure dami, ga dammuna a tsaye, ga ƙauye can nesa. Ka ware masa zama biyu ko uku. Abu ɗaya kuma za ka riƙe tun daga farko har ƙarshe: kaushin takarda shi ne ke riƙe garin alli, kuma yana da iyaka. Da zarar takarda ta ƙoshi ba ta ƙara karɓar komai, duk abin da ka goga sai ya zame. Yawancin matakan da ke tafe dabarun tattalin wannan kaushi ne.

1. Kayan aiki, da inda kuɗi ya kamata ya tafi

Fastel iri biyu kake bukata. Mai tauri, siraran sanduna masu kusurwa huɗu irin na Conté à Paris ko Faber-Castell, shi ne na shimfiɗar farko da ƙananan layuka, domin ba ya cika takarda da wuri. Mai laushi kuma na saman aiki ne. Cikin samfuran da ake sayarwa, Rembrandt tsaka-tsaki ne, Sennelier na Paris ya fi laushi da ƙarfin launi, Mungyo ya fi su araha.

Hattara: wanda aka fi samu a shagunan littattafai fastel na mai ne, na ’yan makaranta. Ba shi ake nufi ba. Goga shi a yatsa. In ya bar gari kamar alli, shi ne. In ya yi santsi da maiƙo kamar kyandir, mayar musu da abinsu.

Kayan nan duk daga waje suke zuwa, farashinsu yana bin canji, don haka a yi dabara wajen saye. Akwatin rabin sanduna 30 ya fi akwatin cikakkun sanduna 15 amfani, tunda kuɗinsu kusan ɗaya ne kuma dama karya su za ka yi. Aibin akwati mai araha shi ne an cika masa farin alli, sai masu duhunsa su fito kamar an wanke su. Maganinsa ka sayi mai arahar, sannan ka ƙara sanduna shida masu kyau ɗai-ɗai: shuɗi mai duhu, shunayya mai duhu, makuba mai duhu, ruwan madara, rawaya mai haske, da shuɗi fari-fari na sama. Waɗannan shida su ne ke ɗaga hoto.

Sauran kayan ba su da tsada: gawayin zane guda uku ko huɗu, baƙin Conté ɗaya, wato baƙar sandar zane mai tauri, magogi mai laushi da ake murzawa kamar danƙo, ƙaramin burushi mai taurin gashi, salatif na takarda, filawud mai santimita 45 da 60, tsumma mai danshi, gwangwanin fiksatif ɗaya, wato maganin feshi mai kafe garin alli, da takarda mai santsi ta rufe hoto. Gawayin girki bai dace ba, ya cika tauri, karce takarda yake yi.

2. Takarda

Kada ka yi aiki a kan farar takarda. Fari yana leƙowa ta kowane ɗan rami, sai ka yi ta dannawa don ka rufe shi, ka ƙosar da takarda tun kafin hoto ya tsaya. Nemi mai launin toka-toka da sirkin ruwan ƙasa, ba mai duhu ba, ba mai haske ba. Wannan launi da kansa zai zame maka ƙasar gona a wurare da dama.

Canson Mi-Teintes ita ce aka fi samu. Nauyinta giram 160 a murabba'in mita, falle ɗaya santimita 50 da 65 ne, in ka raba shi biyu ka samu na hoto biyu. Fuska biyu gare ta: ɗaya mai ramuka kamar saƙar zuma, ɗaya mai ɗan laushi. Yi aiki a kan mai laushin, don saƙar zuman tana bayyana a fuskar mutum da sararin sama kamar raga. Shimfiɗa uku zuwa huɗu take ɗauka kafin ta ƙoshi. Pastelmat ta kamfanin Clairefontaine ta fi ta kauri da riƙe gari, ta kuma fi ta tsada nesa ba kusa ba. Bar ta sai hoto na uku ko na huɗu. Don gwaji kawai, takardar ƙunshi mai ruwan ƙasa ko samfefa mai lamba 400 zuwa 600 sun isa, sai dai ba a yin hoton ajiya a kansu, kuma samfefa tana cinye alli da sauri.

3. Shirya wurin zama

Shimfiɗa fallen jarida uku ko huɗu a kan filawud, ka ɗora takardarka, ka manne gefe huɗu da salatif. Jaridar tana hana zanen katako fitowa a hoto. Tsayar da allon, ka ɗan karkato samansa wajenka, yadda garin da ya zubo zai faɗa ƙasa maimakon ya bi ta kan hoto. Lanƙwasa kwali ka sa a ƙasan allon ya tare shi. Haske ya zo daga taga ta hagu in da dama kake zane.

Hattara: kada ka hura gari da baki, kuma kashe fanka. Garin yana da laushi ƙwarai, yana shiga huhu, wasu launukan kuma da sinadarai masu guba ake haɗa su. In gari ya taru, fita waje da allon ka ɗan buga bayansa. Wanke hannu kafin ka ci abinci.

4. San abin da ke cikin gonar

Nan ne hoto ke zama na Faransa ko ya zama na wani wuri dabam. Buɗe ayyukan mutanen nan biyu ka zuba musu ido kafin ka taɓa gawayi. Hoton Millet na mata uku masu kala, na 1857, da na Lhermitte na biyan masu girbi ladansu, na 1882, duka suna gidan tarihi na Orsay a Paris. Fentin mai ne ba fastel ba, amma tsayuwar jiki da sutura duk suna nan. Na fastel kuwa, duba hoton Millet na hutun tsakar rana, na 1866, da ke Boston a Amurka: miji da mata sun yi barci a inuwar tulin dammuna, ga lauje biyu da takalma a gefe. Zuƙo shi a waya, za ka ga baƙin layin Conté yana nan a fili ƙarƙashin launin, ba a ɓoye shi ba.

Girbin alkama a arewacin Faransa a watan Yuli da Agusta ake yin sa. Alkamar zamanin su Millet doguwa ce, ta wuce ƙugun mutum, ba kamar gajeriyar da ake nomawa yanzu a Kadawa ba, ko da yake in ka samu ganin ta Kadawa a lokacin girbi za ka ƙaru da sanin launinta. A wancan zamani namiji yana yanka da babban lauje mai doguwar ƙota da ta kusa tsayinsa, mai mariƙi a jiki, da dutsen wasawa rataye a ɗamara. Ana ɗaure dami da igiyar karan da aka murɗa, mai ɗaurin yana danne shi da gwiwa. Ana jingina dammuna wajen goma da juna, kawunansu sama, su sha iska. Daga baya a tara su a babban tuli mai zagaye da tsinin kai, da ya kai tsayin mutum biyu zuwa uku. Masu kala sai an kwashe dammuna suke shiga gona.

Sutura: farar riga mai kauri, wando mai faci, malafar kara, takalmin katako. Mata da doguwar siket mai nauyi, da ƙyallen gaba, sau da yawa shuɗi, da ɗankwali ɗaure tam a kai. Ƙasar ba ja ba ce irin jangargarinmu, ruwan ƙasa ce mai toka-toka. Rana ba ta tsayuwa a tsakar ka ko da azahar, don haka inuwa kullum a kwance take a gefe. A nesa akwai dogayen itatuwa sirara a jere, rufin gidaje, da tsinin hasumiyar coci. Wanda ba ya zana mai rai zai iya bin duk matakan nan da gona da dammuna da lauje a jingine, hoton zai tsaya.

5. Ƙananan gwaji uku

A wata takarda, zana akwati uku masu santimita 6 da 8. Cikin kowanne ka tsara hoton da gawayi a minti biyar, da mataki uku kawai: duhu, tsaka-tsaki, haske. Ba ido, ba yatsa. Canza wurin mutane da tsayin layin da sama ta haɗu da ƙasa. Ajiye su can gefen ɗaki ka kalla. Wanda ka gane abin da ake yi a cikinsa daga nesa, shi za ka ɗauka. A nan kuma za ka yanke ta inda rana take. A wannan darasi tana hagu, ta ɗan koma bayan mutanen. Sa ’yar kibiya a kan salatif don kada ka manta.

6. Ƙashin hoto da gawayi

Wannan mataki ya fi kowanne cin lokaci, kuma ya cancanta. Launi ba ya gyara jikin da bai tsaya daidai ba.

Ja layin haɗuwar sama da ƙasa santimita 10 daga sama. Mai yankan ya zama santimita 14, kansa kusa da wannan layi, ƙafarsa santimita 6 daga ƙasan hoto. Tsayin babban mutum kai bakwai ne zuwa bakwai da rabi, wato kansa santimita 2. Sa shi a kashi ɗaya cikin uku na faɗin hoto, kada ya zauna a tsakiya cif. Ka'idar fili mai shimfiɗe ita ce, in mai kallo a tsaye yake, kawunan duk mutanen da ke tsaye suna taɓa wannan layi, na kusa da na nesa. Ƙafafunsu ne ke hawa sama, jikinsu yana ƙanƙancewa. Wanda ya saɓa wannan sai ka ga mutanensa na nesa suna shawagi a iska ko sun nutse a rami.

Fara kowane mutum da layi ɗaya daga kai zuwa diddige, mai nuna inda jiki ya karkata. Sannan layin kafaɗu da layin ƙugu. A wajen mai yanka, waɗannan biyu ba sa kallon wuri ɗaya: ƙafafu a ware suke a kafe, ƙirji ne ke juyawa daga dama zuwa hagu, laujen yana share ƙasa a kwance, abin da aka yanke yana zubewa a hagunsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗaga laujen sama kamar mai sara da adda. Ba haka ake yanka da shi ba.

Mai ɗaurin dami kuwa daga ƙugu take duƙawa, bayanta kusan a miƙe, kamar yadda mace ke duƙawa tana shara da gajeriyar tsintsiya. Ƙugunta yana komawa bayan diddigenta don ya daidaita nauyin kai da hannu da suka yi gaba. In ka saki layi daga cikinta zuwa ƙasa, dole ya faɗi tsakanin ƙafafunta ko kan gwiwar da ta danne damin. In ya faɗi a gabansu, hoton mai kifewa ka zana. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sa wani a gida ya riƙe sanda ko ya duƙa kan matashi, ka ɗauke shi da waya. Hannu da ƙafa ka yi su da ɗan girma, takalmin katako ƙato ne, kuma mai aikin gona ba shi da siririn wuyan hannu.

Da zarar siffofi sun zauna, kaɗe gawayin da tsumma busasshe har ya rage alama kawai, sannan ka bi muhimman layuka da baƙin Conté. Cika inuwa da siraran layuka a jere: ƙarƙashin malafa, bayan riga, gindin dammuna, inuwar da ta kwanta a ƙasa ta dama.

Hattara: kada ka yi amfani da fensir na rubutu. Santsinsa ba ya karɓar fastel, layin zai yi ta ƙyalli har ƙarshen aiki.

7. Feshin farko

Fita waje da allon, ka fesa fiksatif sau ɗaya, sama-sama, daga nisan santimita 30 zuwa 40. Bar shi minti goma sha biyar. In ka tsallake wannan, baƙin zai gauraya da rawayar alkama ya ba ka wani kore mai datti da ba ya gyaruwa.

8. Ware launuka

Kada ka yi aiki daga cikin akwati. Fitar da sanduna 18 zuwa 20 ka jera a faranti kashi uku. Masu duhu biyar: shuɗi, shunayya, makuba, ruwan ƙasa, kore. Na tsakiya takwas: ruwan ƙasa mai rawaya iri biyu, ruwan zuma, ruwan goro da ya dushe, shuɗin ƙyalle, toka mai shuɗi, kore mai toka, ja mai ƙasa-ƙasa. Masu haske shida: ruwan madara, rawaya mai haske, ruwan hoda, shuɗi fari-fari iri biyu, da fari. Gwada kowanne a kan ragowar takardar da ka yanke, domin launi yana canza kama a kan takarda mai launi. Ɓare takardar jikinsu, ka karya guntaye masu santimita 2. Da gefen guntu ake shimfiɗa, da bakinsa ake layi. In sun yi datti, zuba su cikin kwano da ɗanyar shinkafa ka girgiza, za su fito fes.

9. Shimfiɗar farko

Da fastel mai tauri, a kwance, hannu sakwa-sakwa, sa masu duhu a duk inda ka yi inuwa. Sai na tsakiya a manyan wurare: gona, sutura, itatuwa. Rabin takardar ya ci gaba da leƙowa. A wannan mataki hoton zai yi duhu kuma ba kyan gani, haka ake so. Dalilin farawa da duhu shi ne haske yana hawa kan duhu ya zauna da tsabta, amma duhu a kan haske gaurayuwa yake yi ya zama laka.

10. Sama da nesa

Daga sama ake gangarowa, don garin da ke zuba kada ya ɓata abin da aka gama. Saman hoto shuɗi fari-fari, yana ƙara haske yayin da yake sauka, har ya koma ruwan madara da ɗan ruwan hoda dab da ƙasa. Nan kaɗai aka yarda ka murza da gefen hannu, sau ɗaya, sannan ka sake bi da alli sama-sama don ya farfaɗo.

Ƙauye da itatuwan nesa da toka mai shuɗi za ka yi su, ba da kore mai duhu ba. Duk abin da ya yi nisa yana dushewa ya karkata ga shuɗi, kamar yadda duwatsu ke yi da hazo. Hasumiyar coci ba ta wuce santimita ɗaya da rabi ba, bugu biyu na alli sun ishe ta. In ka yi mata taga da ƙofa, za ta taso gaba ta tsaya kusa da mai yanka.

11. Alkama, tushiya da dammuna

Alkama ba rawaya ba ce. Wanda ya ɗauki sanda ɗaya mai ruwan ɗorawa ya shafe gona da ita, bargo ya shimfiɗa. Launi huɗu ne a jere: shunayya ko makuba a gindin kara inda rana ba ta shiga, ruwan ƙasa mai rawaya a jiki, ruwan zuma a inda haske ya fara kamawa, ruwan madara a kan zangarniya. Kowanne ya rufe wurin da bai kai na wanda ya riga shi ba.

Bugun hannu yana canzawa da nisa. Can baya, layuka a kwance da gefen alli, launi mai haske da ɗan toka. A tsakiya, gajerun bugu a karkace. A gaba, dogayen layuka a tsaye daga ƙasa zuwa sama, kana ɗaga hannu a ƙarshen kowanne don bakinsa ya sirance. Zangarniya ɗai-ɗai kuwa goma zuwa goma sha biyar sun isa, a bakin inda aka yanke da inda alkama ta ratsa jikin mutum. Ido zai cike sauran.

Tushiyar da aka bari bayan yanka a layi-layi take, kuma layukan suna matsowa kusa da juna yayin da suke tafiya nesa. Su ne ke kwantar da gona ta zama fili. Yi su da gajerun bugu masu haske a kan launin takarda, da ɗan duhu a damansu. Dami kuma ka ɗauke shi kamar turmi: siriri a ɗamara, buɗe sama da ƙasa. Hagunsa haske, damansa inuwa mai shunayya, ɗamarar layi mai duhu da ya lanƙwasa ya bi zagayensa. In ka ja ta a miƙe, damin zai baje kamar tabarma.

Hattara: kada ka murza alkama da yatsa ko kaɗan. Murzawa tana tura gari cikin ramukan takarda, tana haɗa launuka huɗun su koma ɗaya, maiƙon yatsa kuma yana kashe ƙyallinsu. In kana son launi biyu su haɗu, ja layukan ɗaya a kan na ɗayan.

12. Mutane

Farar riga ba da fari ake fara ta ba. Gefen inuwa toka mai shuɗi ne da ɗan shunayya. Ƙarƙashin hannu da ciki, inda hasken alkama ke dawowa, ruwan zuma. Gefen rana ruwan madara. Lanƙwasar tufa uku ko huɗu kawai za ka nuna, waɗanda ke tasowa daga inda jiki ya ja yadi: kafaɗa, gwiwar hannu, ƙugu. Ƙyallen matar shuɗi ne da rana ta ci, ka ratsa shi da toka. Ɗankwalinta ne wurin da ya dace da ja, kuma shi kaɗai, don ido ya samu wurin sauka.

Fata makuba ce a inuwa, ja mai ƙasa-ƙasa a tsakiya, ruwan hoda a ƙashin kunci da bayan hannu. Kai mai santimita 2 ba ya ɗaukar ido da baki. Inuwar malafa, ɗigon haske a hanci da haɓa, shi ke nan. Millet kansa sau da yawa a inuwa yake barin fuska, duƙawar baya ce ke faɗin gajiyar. A ƙarshe ja ’yan karare su hau kan takalma, ka ƙarfafa duhu a daidai inda ƙafa ta taɓa ƙasa, in ba haka ba mutanen za su zama kamar an yanko su an manna.

13. Hasken ƙarshe

Yanzu ne za ka ɗauko masu laushin nan ka danna da ƙarfi, bugu ɗaya ba maimaici. Kafaɗar mai yanka ta hagu, gefen malafa, kawunan dammuna, siririn layi fari-shuɗi a bakin lauje. Bugu ashirin zuwa talatin, ba ƙari. Bayan kowane biyar ka ja da baya taku uku ka duba. Ɗauki hoton da waya ka mayar da shi baƙi da fari. In mutanen sun ɓace cikin gona, duhunsu da na alkama ya zo ɗaya, sai ka ƙara haske a alkamar da ke bayansu.

14. In an yi kuskure

Kada ka ƙara alli a kan wurin da ya dagule. Kwantar da allon a waje, ka kaɗe wurin da burushi mai tauri har kaushin takarda ya dawo. Danna magogin danƙo ka ɗaga, kada ka goga. Magogin roba na makaranta yana mayar da takarda sumul, daga nan ba ta sake kama gari. In har yanzu alli yana zamewa, yanke rami a wata takarda daidai wurin, ka rufe sauran hoton, ka fesa fiksatif kaɗan. Zai ba ka damar shimfiɗa ɗaya ko biyu.

15. Feshi, ajiya da firam

Fiksatif yana duhunta launi, musamman masu haske, shi ya sa masu fastel da yawa ba sa fesa shimfiɗar ƙarshe. In za ka fesa, gwada a ragowar takarda tukuna. Tsayar da hoton, fara feshin daga wajen takarda, ka ratsa da sauri, sau biyu sirara da minti goma sha biyar a tsakani. Sannan ka mayar da hasken da ya dushe. In ka matso kusa ko ka tsaya wuri ɗaya, ɗigo zai zauna ya bar tabo. Yana kama wuta, a nisanta shi da murhu. Feshin gashi da wasu ke amfani da shi yana sa takarda ta yi rawaya da daɗewa.

Buga bayan allon sau uku ko huɗu gari mai sako-sako ya zube, sannan ka ɓare salatif a hankali kana jan sa waje. Rufe hoton da takarda mai santsi, ka manne ta a gefe ɗaya don kada ta goga, ka ajiye shi a kwance tsakanin kwali biyu. Ba a naɗe shi, ba a sa shi a leda.

Wajen mai firam ka tsaya a kansa. Gaya masa kada ya shafa fuskar hoton, kada ya manne shi da gam, kada ya yi masa laminatin. Gilashi za a sa, ba roba mai kama da gilashi ba, domin roba tana jan gari kamar yadda biro da aka goga a gashi ke jan guntun takarda. Tsakanin hoto da gilashi a bar milimita 3 zuwa 5, ta hanyar sa siraran kwali a ɓoye ƙarƙashin kwalin ado, garin da ya zubo sai ya faɗa can ba a gani. A gama duk bugun ƙusa kafin a sa hoton. A like bayan firam da salatif ta kowane gefe saboda ƙurar hunturu da kyankyaso. Rataye shi a bangon da rana ba ta bugawa kuma ba ya tsatsafo da damina, ka sa ’yan guntayen roba biyu a ƙasan bayansa don iska ta riƙa ratsawa. Gilashin da tsumma mai ɗan danshi ake goge shi, ba busasshe ba, kuma in za a yi tafiya da hoton, a kwantar da shi fuskarsa tana kallon sama.